Tantabarar Shafi na Tara

A ɗakin jira na tashar jirgin ƙasa ta Ramsis, wani dattijo ya leƙa mujallar masu haɗa ƙananan jiragen ƙasa na ajiyewa a tebur da ke hannun na kusa da shi.

"Ustaz, kai ma kana karanta wannan shirmen?"

"Shirme kuma, Alhaji? Masu gyaranta suna iya ƙoƙarinsu."

"Wane ƙoƙari? Ba sa tantance komai. Buɗe shafi na tara. Wani Fikri daga Tanta ya aiko hoto, wai jirgin da ya haɗa da hannunsa ne. Suka buga, har da yabo."

"Ai ya yi kyau."

"Dole ya yi kyau, jirgin gaske ne. Dubi kan taragon, tantabara ce za ta tashi. A teburin wa ka taɓa ganin tantabara mai rai ƙanƙanuwa kamar ƙwayar shinkafa?"

"Wataƙila yana da uzuri."

"Ƙarya tana da uzuri?"

"Shekara goma sha ɗaya yana aika nasa, suna cewa fentin bai yi kama da gaske ba. Ga hannunsa ya fara rawa. So yake jikarsa ta ga sunansa ko sau ɗaya."

"Ashe ka san shi."

"Awa biyu na yi a kan gada ina jiran jirgin in ɗauki hotonsa. Wallahi ban ga tantabarar ba."

Dattijon ya sake leƙa hoton.

"Jikar taka ta gani?"

"Har makaranta ta kai, ta nuna wa malamarsu."

"Ni kuwa tuni na rubuta musu wasiƙa a kan tantabarar nan, Ustaz. Sun ce wata mai zuwa za su buga."