A Kafa Sanda a Bakin Kogi

Ratu Semesa, uban ƙauyen nan, ranka ya daɗe. Fasto Kinijioji, dattawan zuri'o'i, jami'ar lafiya da ta sha kwale-kwale tun safe, iyaye mata abokan shiga taɓo, da ku maza da kuka daure kuka bar kwanon kava, abin shanku na gargajiya, na ɗan lokaci, ina gaishe ku baki ɗaya. Ni ce Ulamila mai kamun ƙaguwa. Na gode da aka bar mace ta miƙe a zauren nan, kuma tun da na miƙe, sai na faɗa.

Na farko, ruwa ba ya tsami banza. Da muka sami masai na zamani, kowane gida ya binne durom ɗin tara ƙazanta a yashi ya ce ya gama. Muka manta teku tana cika sau biyu a yini, ta shiga ƙarƙashin gidajenmu, ta kwashi abin da muka ɓoye ta kai bakin kogi. A can muke kamun ƙaguwa, a can yaranmu suke iyo. Jikata Salanieta tana kwance a asibiti da taifot, kuma tsoro nake ji, ba zan ɓoye muku ba.

Na biyu, maganin bai wuce ƙarfinmu ba. Bututu ne zai tattaro ruwan gidaje zuwa tanki, daga tanki ya ratsa kwamin tsakuwa da aka shuka wa ciyawa, ya fito ba wari ba cuta. An ba mu bututu, an ba mu siminti, saura fili da hannayen ɗauko tsakuwa. Filin da tudunsa ya dace kuwa gonar gwazar ƙanena Timoci ce. Na same shi, ya ce, "Yaya, ƙazantar gari duka a gonata? Ai sai yara su sa mini suna Sarkin Masai!"

Na ce, "Kai dai! Ƙaguwar da ka lashe hannu a kanta jiya, a ina kake tsammanin ta yi ƙiba?"

Ya ture kwano. Yau da safe ya ba da gonar. Timoci, ka fita kunyarmu, sunan kuma mun yafe maka.

Na uku shi ne mai nauyi. Ranka ya daɗe, ina roƙo a kafa sanda mai ganyen kwakwa a bakin kogi, a haramta shigarsa har aikin ya kammala. Na ji gunagunin dattawa. Na sani, ba a kafa ta sai uban ƙauye ya rasu, kuma Allah ya sani ba fatan da nake maka ke nan ba. Na kuma san wa za ta fi cizo: mu ne, mata, da ba mu da gona sai taɓon nan. Mun zauna, mun yarda, za mu ci rogo gaya. Muddin sandar tana tsaye ba mai ganin ƙaguwa a kwanonsa, ni kuwa na san mazan garin nan, tsakuwar za ta zo da gudu.

Kakanninmu suna kafa ta bayan an yi mutuwa. Mu a kafa mana tun ba a yi ba.

Allah ya ja zamanin Ratu, ya ƙarfafa kafaɗun masu ɗauko tsakuwa, ya mai da baƙuwarmu jami'a gida lafiya. Ya tashi kafaɗar Salanieta, ta dawo ta tarar da kogin da zan bar ta ta shiga.

Na gode.