Harafi Goma Sha Uku

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta.

Mai girma shugaban taro, wakilan iyayen ƙasa, limamanmu da malamanmu, manyan baƙi da suka keto hanya daga nesa, 'yan kwamitin wannan biki su goma sha huɗu, 'yan'uwana tsofaffin soja da aka jera a gaba saboda hoto, iyayenmu mata da aka ajiye can bayan rumfa inda rana ta fi samun wuri, jama'ar Bagudo da Lolo da Sharabi, assalamu alaikum.

Sunana Malami Sharabi. Na yi makarantar horon malamai, na shiga soja na kai saje, da na dawo gida kuma na koma riƙe alli har ƙarfina ya ƙare. An ba ni minti biyar da takarda bugaggiya in karanta muku a madadin 'yan mazan jiya. Na duba takardar. Kalmar sadaukarwa ta fito sau tara a cikinta, kuma babu kuskuren rubutu ko ɗaya. Ina yaba wa wanda ya rubuta. Tana cikin aljihuna, ba abin da zai same ta.

Ina godiya ga kwamiti. Ina godiya da rumfa, ina godiya da kujeru, ina godiya da furannin roba waɗanda ba sa bushewa, domin na gane su, su ne na bara. Ina godiya ta musamman da fararen tattabarun da za a saki an jima. Na san mai su a Lolo. Kafin mu gama cin shinkafa suna bisa rufin ɗakinsa. A iya sanina, su kaɗai ne ake turawa da sunan zaman lafiya su koma gida dukansu.

Magana ta farko, allon dutsen nan da aka buɗe mana ɗazu. Ya yi kyau, Hamma mai sassaƙa ya nuna gwaninta. A samansa an zana sunan mutum goma sha biyu, 'ya'yan wannan yanki da suka mutu a fagen yaƙi. A ƙasansa an zana sunan mutum goma sha huɗu da suka zauna suka tuna da su. Kun ga ke nan masu tunawa sun fi waɗanda ake tunawa yawa, kuma wannan ci gaba ne. Ba na zargin kowa, domin suna na ƙarshe a jerin ƙasa nawa ne. An sa ni mai ba da shawara. Ba a taɓa tambayata shawara ba, ni kuma ban taɓa zuwa zama ba, amma da aka ce za a sassaƙa sunana a dutse ban ce a'a ba. Sai yau da safe, da aka yaye ƙyallen, na karanta jerin sama daga farko har ƙarshe, na sake karantawa, ban ga Manu ba.

Magana ta biyu ke nan, Manu. Matasa ba ku san shi ba. Kofur Manu Lolo, ɗan masu fito ne a bakin kogin Kwara, ya iya tuƙa jirgi tun kafin ya iya ɗaura wando. Tare aka kai mu Laberiya shekara talatin da ɗoriya da suka wuce. Wata rana da hantsi aka rutsa mu a bakin wani kogi, gada ta karye, ana ruwan harsashi, muna da mutum bakwai da ba sa iya tsayuwa. Ina cikinsu, ga ƙafar nan kuna gani. Hafsanmu yana ta duba taswira. Manu bai iya karanta taswira ba, sai ya hango wani tsohon kwalekwale a cikin ciyawa, ya cusa singiletinsa a inda yake yoyo, ya fara fito da mu bibbiyu. Da ya ɗauke ni ina ta nishi, ya ce mini: “Malam, ka bar kuka, ruwan ga bai kai na gida ba.” Ya kai ni, ya koma. A sawu na huɗu ya tura jirgin har gaɓa da mutum na ƙarshe a ciki, shi bai fito ba, harsashi ya same shi. Can muka binne shi. Hularsa kawai na kawo wa matarsa Dela.

Dela tana nan. Ga ta can bayan rumfa, mai shuɗin mayafi. Tun da sassafe ta hau mashin daga Lolo, domin an aika mata cewa yau za a kira sunan mijinta a gaban jama'a. Ta zo da hular a ƙulle cikin ɗankwali. Ta tsaya a rana aka kira goma sha biyu, aka busa ƙaho, aka tafa.

To me ya faru? Wannan ita ce magana ta uku, kuma ina roƙon sakataren kwamiti, tsohon ɗalibina Abdulganiyu, kada ya sunkuyar da kai. Ni na koyar da shi a aji huɗu, ni na koya masa cewa duk abin da aka faɗa maka shi za ka rubuta, kada ka ƙara, kada ka rage. Ya riƙe karatu. Ya je Lolo da takardar cikewa, ya yi sallama, ya tambayi Dela sunan mijinta. Ta kawar da kai. Ya sake tambaya, ta ce ai duk garin an san shi. Ya ce takarda ba ta san garin ba, sai ta faɗa da bakinta. Sai ta ce masa: “Ɗan nan, ba ni hwaɗi. Uban yaran ga na.” Abdulganiyu ya rubuta a gurbin suna: Uban Yara. Na ga takardar da idona ɗazu. Ya dawo ya bincika jerin sojojin da suka rasu, daga farko har ƙarshe, bai sami wani Kofur Uban Yara ba. Sai ya rubuta da Turanci mai kyau cewa matar ba ta san sunan mijinta ba, ba a tabbatar ba.

Jama'a, wace ce a cikin iyayenmu ta taɓa kiran sunan mijinta? Uwar shugaban taro ta taɓa? Uwar Abdulganiyu ta taɓa? Kunyar da muke yabo a ranar aure, ita ce ta zama jahilci a ranar cike takarda.

Sannan wani mai taimako a tashar mashin ya ƙara wa kwamiti haske, ya ce ai uwar Manu daga tsallaken iyaka take, 'yar Binin ce, watakila ma ba ɗan ƙasa ba ne. Gaskiya ne, daga can take. Ni ma gwaggona tana can. Duk wanda ba shi da ɗan'uwa a tsallake a cikin rumfar nan ya ɗaga hannu. Na gode, ban ga hannu ba. Ranar da aka ɗauke mu soja an auna ƙirjinsa, an duba haƙoransa, an sa shi gudu, ba a tambayi garin uwarsa ba. Wanda ya harbe shi ma bai tambaya ba, tutar da ke kafaɗarsa ya duba. Sai da aka zo sassaƙa dutse aka gano baƙo ne.

Ɗazu an umarce mu mu yi shiru na minti ɗaya. Mun yi, har da masu duba agogo. Dela ta yi shekara talatin da ɗoriya tana wannan shirun. Sunan yana bakinta safe da yamma, ba ta da ikon fitar da shi. Ba ta zo neman shinkafa ba, ba ta zo neman atamfa ba. Ta zo ne wani ya faɗa mata shi da ƙarfi, ta ji da kunnenta, jikokinta su zo wata rana su sa yatsa a kansa a jikin dutse.

Na ga an miƙo mini 'yar takarda cewa lokacina ya ƙare. Na kusa.

Na tambayi kwamiti, an ce mini dutse ya cika, babu wuri. Na tambayi Hamma, ya ce ana iya goge layi ɗaya a sake sassaƙawa, in dai haruffan ba su fi na da yawa ba. Ni malamin makaranta ne, sai na ƙirga. Malami Sharabi, harafi goma sha uku. Kofur Manu Lolo, harafi goma sha uku. Ko ɗaya bai yi saura ba. Saboda haka, mai girma shugaba, ga shawarar farko kuma ta ƙarshe daga mai ba ku shawara: a goge ni a sa shi. Zai zauna a cikin 'yan kwamiti, na sani, amma ba zai dame ku ba, kuma ya fi ni zuwa inda aka kira shi. Hamma ya zo da kayan aikinsa, ni kuma ba zan bar wurin nan ba sai an gama. Manu ya taɓa ba ni wuri a jirgi.

Kafin nan, wanda ya ga dama ya faɗa tare da ni, yadda za a ji a bayan rumfa. Kofur Manu Lolo. Ku ƙara. Kofur Manu Lolo.

Dela, kin ji. Ba sai kin amsa ba.

Allah Ya jiƙan Manu, Ya jiƙan goma sha biyun nan da waɗanda ba a rubuta ba. Allah Ya kare 'ya'yanmu da ke daji yanzu riƙe da bindiga, Ya dawo da su ga iyayensu da ƙafafunsu. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, wannan gefen da wancan. Allah Ya mai da kowa gidansa lafiya, har da tattabaru.

Na gode.