Ƙugiyar Ɗaukar Kekuna

A filin ajiye motoci na Minguettes, Kamalu na kwance ƙarƙashin motarsa yana ɗaura ƙugiyar ɗaukar kekuna. Wani dattijo mai wucewa ya ji shi yana mita da Hausa, ya tsaya.

"Sannu da aiki, samari. Tirela za ka ja?"

"Kekuna ne, Baba. Nawa da na ɗiyata."

"Keke ai hawansa ake yi, ba goyo ba. Ga hanyar kekuna nan har cikin Lyon."

"Bayan gari nake so mu je."

"Wa ke can?"

"Ba kowa. Shi ya sa."

"Au! Ba ka iya ba ke nan!"

"Rage murya, Baba. Yarinyar ce za ta koya mini. In na faɗi a unguwar nan, kafin in tashi labari ya kai Maradi."

Dattijo ya yi dariya har hularsa ta karkace. Can ya waiga hagu da dama, ya tsuguna.

"Ƙarfen nan, keke nawa yake ɗauka?"

"Uku."

"To ɗaure shi da kyau. Tun bara ɗana ya saya mini nawa, kullum ce masa nake gwiwa ke ciwo."