Sunan Inna a Bayan Jirgi

Merle: Alo? Yaya Verna? An yi rashi fa.

Verna: Wayyo Allah! Waye?

Merle: Kafaɗata ta dama. Tun jiya ba ta ƙara motsi ba.

Verna: Kai dai ba ka da kirki. Ina kwana?

Merle: Lafiya lau. Ya gwiwar?

Verna: Tana nan. Ya matarka Doreen?

Merle: Lafiya. Tana gaishe ki.

Verna: Ba ta ce ba.

Merle: Da na tambaye ta za ta ce. Ƙanƙara ta narke a wajenku?

Verna: Saura ta bayan gareji. Hayaniyar me nake ji?

Merle: Ina kantin kayan jirgin ruwa. Asabar za a saukar da jirage cikin tafki, kin san sau ɗaya a wata injin ɗaga jirage yake zuwa. Wanda ya makara sai ya jira wata guda. Namu kuwa sanyi ya mayar da shi fari kamar alli. Kwana uku ina dirza da hannu, ɓangare ɗaya ma ban gama ba.

Verna: Baba da tsumma yake goge shi duk shekara.

Merle: Baba yana da 'ya'ya biyu da yake bai wa tsumman. To, ga injin goga iri biyu a gabana. Ɗaya yana juyi ne kai tsaye, akwai sauri, amma in ka daɗe wuri guda sai ya yi zafi ya cinye fatar jirgin. Ɗayan kuma yana juyi yana karkarwa, ba ya... lo? Alo?

Verna: Ba ya me? Ka matsa bakin ƙofa!

Merle: Na ce ba ya ɓarna! Sai dai ba shi da sauri. Mutum zai iya tsufa a kansa.

Verna: Ai ka riga ka tsufa. Sayi mai karkarwar. Tsaya tukuna. Yaushe ka fara neman shawarata?

Merle: Kwanan nan.

Verna: Merle.

Merle: Shi mai saurin na ɗan san halinsa. Na ari na maƙwabcina shekaranjiya, na gwada a bayan jirgin.

Verna: Sai aka yi yaya?

Merle: Akwai himma. Wurin ya yi ƙyalli, kina iya ganin fuskarki tas, babu abin da zai tare ki. Ko rubutu.

Verna: Wane rubutu? Sunan Inna? Wanda Baba ya rubuta da hannunsa?

Merle: Akwai saura kaɗan, in kin san inda za ki duba.

Verna: Shekara arba'in da ɗaya sunan nan yana wurin! Guguwa ba ta goge shi ba, ƙanƙara ba ta goge shi ba!

Merle: Ni ma ban ɗauki minti biyu ba.

Verna: Jirgi ba ya shiga ruwa babu suna, ka sani.

Merle: Ni dai ban taɓa ganin kifin da ya iya karatu ba. Amma Doreen ta ce ba ta hawa, mai injin ɗagawa kuma ya ce ba ya ɗaga jirgin da ba shi da suna, wai yana da iyali. Ga haruffan roba nan ana sayarwa, mannawa kawai ake...

Verna: Ka manna wa Inna roba in zo in manna ka a bango.

Merle: To, ai burushin Baba suna hannunki. Ke ya koya wa rubutun, ni riƙon gwangwani ya koya mini.

Verna: Au, dalilin kiran ke nan. Tuƙin awa huɗu da wannan gwiwar.

Merle: Za a soya kifi.

Verna: Na gaji da kai, wallahi. Juma'a da safe zan iso, fentin ya kwana ya bushe. Ka sayi mai karkarwar ka gama gefunan. Amma bayan jirgin, ka ji ni da kyau, kar ka kuskura ka shafa masa kakin ƙyalli. Fenti ba ya kama kaki. Ka ji? Alo? Layin ne kuma?

Merle: A'a, layin lafiya lau.

Verna: To ka ji abin da na ce?

Merle: Na shafa jiya. Shafi uku.