Wanda Ya Hana Tafi

A tashar bas ta Glenwood, bayan Sufayen Turkiyya masu jujjuyawa a tsaye sun tashi daga zauren jami'a, wani dattijo ya dubi matar da ke gefensa.

"Hajiya, ke ma kin kalli rawar?"

"Ba rawa ba ce, Baba, zikiri ne. Hannun dama a sama yana karɓa, na hagu a ƙasa yana bayarwa."

"Ni sanyi ya koro ni ciki. Amma da Turawa suka fara tafi, sai na ji kaina ina cewa su yi shiru."

"Ashe kai ne."

"Shekara tara rabona da wazifa, tun da na kama aikin shif biyu. Yau bakina ya kama da kansa."

"Ga bas ta zo."

"Ki je kawai. Ban idar ba tukuna."