Majigi Mai Ido Uku

A kasuwar Katwe, dattijo Ssebunya ya tsayar da kekensa gaban wata mai kayan gyara, tsohon majiginsa na nuna fim mai ido uku, ja da kore da shuɗi, ɗaure a baya.

"'Yata, 'yar robar da ke tare ruwan sanyaya shuɗin idon nan nake nema. Yoyo yake yi."

"Baba, ai an daina yin ta. Sai a ciro daga gawar wani majigin."

"To, samo mini gawar."

Ta yi dariya. "Mutum biyu sun riga ka zuwa. Naka suke jira ya mutu."

Ya ƙara ɗaure igiyar majigin tamau.

"Ki gaya musu daga tayar keke zan yanko robar. Ni zan je jana'izar majigin nasu, da sukudireba a hannu!"