Gurasar da Na Mayar wa Ƙanena

Assalamu alaikum. Shugaban kwamitin masallaci, Liman Bai, dattawan unguwa, 'yan'uwa maza da mata na wannan gari namu na Linxia, ina gaishe ku. Na gode da kujerar da aka ba ni, don ƙafafuna sun daina ɗaukata.

An tara mu ne mu ɗaga hannu a kan Ding Youfu mai taliya, a hana shi masallacin nan, saboda ya ce sai ya auna kowane hadisi da Alƙur'ani kafin ya karɓa. Na farko, ban yarda da yawancin maganarsa ba. Shekara arba'in na karantar da hadisi, kuma a kansa zan mutu.

Na biyu kuwa, laifina zan faɗa muku. Ranar da mahaifiyarmu ta rasu, ƙanwarmu ta faɗi a kan makara tana kuka. Na daka mata tsawa, na ce an ruwaito ana azabtar da mamaci saboda kukan danginsa. Ƙanena Shiming ya ce, "Yaya, ƙyale ta. Allah ya ce ba mai ɗaukar nauyin zunubin wani. Inna za a kama da hawayen da ba nata ba?"

Na ce, "Kai da ka ƙare a sayar da fatar tumaki, yaushe ka zama malami?"

Ya ce, "Tun ranar da malamin gidanmu ya manta da tausayi."

Ranar arba'in ya aiko mini da soyayyar gurasar sadaka, irin wadda ake raba wa dangi. Na mayar masa ko gutsura ban yi ba, kun kuma san ma'anar hakan a wurinmu, yanke zumunci ne. Shekara talatin da ɗaya ba mu gaisa ba. Daga baya na gani a littattafan da nake karantarwa cewa magabata ma sun saɓa a kan wannan ruwayar, suka ci gaba da salla a sahu ɗaya. Na gani, girman kai ya hana ni takawa zuwa wurinsa. Bara ya rasu. 'Ya'yansa ba su aiko mini ba, a bakin mai aski na ji.

Jama'a, ku zauna da Youfu, ku buɗe masa littafi, ku yi ta gardama har shayi ya huce, amma kada ku rufe masa ƙofa. Ni hannuna ba zai tashi ba. In kuna ƙyamar tsayuwa kusa da shi, ku ajiye kujerata a gefensa.

Allah ya haɗa kanmu, ya jiƙan iyayenmu, ya jiƙan Shiming, ya sa ya yafe mini. Na gode.